Ba Zan Karɓe Fartanyar Hajiya Ba

Doha, Qatar
Farkon watan Disamba

Zuwa ga Gwaggona, Hajiya Habiba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa ce ta girmamawa daga 'yarki ta can nesa, da fatan takardar nan za ta same ki zaune lafiya a tabarmarki ta ƙofar ɗaki, tabarau a hanci, rediyo na gefe yana ta surutunsa ba mai sauraro. Yaya gwiwar nan? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya ƙara miki nisan kwana mai albarka, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Mu nan duk lafiya lau. Zafi ya sauka, yanzu mutum na iya taɓa ƙarfen ƙofa ba tare da ya yi salati ba. Baban Ruƙayya yana nan yana sammako zuwa dogon benensu na West Bay, ya dawo da yamma da fuskar wanda ya ɗauki iskar gas ɗin ƙasar nan duka a kansa. Ruƙayya ta shiga aji na gaba, Larabci ya fara cin Hausarta, har kakarta take ce wa yalla, wato yi sauri. Ƙanenta Umar Faruq ya yi haƙora, kuma ya gwada su a jikin kowa.

Gwaggo, saƙonki na murya ya iso, na saurare shi har ƙarshe, na kuma sake saurara don kada na zalunce ki. Na ji cewa Yaya Dikko, wan Baban Ruƙayya, ya tako har Funtua ya zauna a zaurenki, ya ce na mayar musu da uwa 'yar ƙwadago a ƙasar Larabawa. Na ji kin ce na ba su haƙuri, na karɓe fartanyar da ke hannunta, na kuma bari a sa ta a jirgi ta koma gidansa. Ban amsa ta waya ba saboda na san danginmu: duk muryar da aka tura wa mutum ɗaya da safe, kafin azahar ta zaga Kaduna da Katsina ta dawo da ƙari. Shi ya sa na rubuta, na ba Mudasiru, mai gadin ƙofar rukunin gidajenmu, wanda zai zo hutu. Ɗan Funtua ne, ya ce ya san layinku. Amsata kuwa gara na faɗe ta tun yanzu: ba zan karɓe fartanyar ba, ba kuma zan ba da haƙuri a kan laifin da ban yi ba. Ke kika rene ni, kin cancanci jin dalili.

Kin san bayan Hajiya, uwar mijina, ta fita takabar mijinta Malam, Yaya Dikko ya ɗauke ta daga ƙauye ya kai ta gidansa. Ya yi mata ɗaki mai kafet da labule mai nauyi da talabijin, ya sa yarinya mai aiki ta tsaya a kanta. Ko buta ta miƙa hannu za ta ɗauka, sai a riga ta. Matar da ta yi rayuwarta tsakanin tsakar gida da gayauna da fadamar mijinta, aka zaunar da ita kamar kwallar kanti. Da ta daina cin abinci sai aka ce ciwo ne, aka turo mana ita don ganin likita. Wallahi da na gan ta a filin jirgi a kan keken guragu ban gane ta ba. An yi mata duk gwajin da na'ura ta iya yi, sakamako ya fito fes. Wani likita ɗan Zariya ya ja ni gefe ya ce jikin ba shi da laifi, mai jikin ce ba ta ga dalilin tashi ba. Muka dawo gida, ta zauna a bakin gado tana kallon bango. In na kai mata tuwo ta ce an gode, in na dawo na tarar ta lotsa shi da yatsa don na ɗauka ta ci.

Yanzu bari na ba ki labarin gidan, don a nan rigimar take. Kamfaninsu ne ya kama mana shi a wani rukuni kusa da Bin Omran, gidaje iri ɗaya a jere, kowanne da ɗan fili a baya wanda bai fi tsakar gidanki ba. A filin nan an shimfiɗa ciyawa. Shimfiɗawa nake nufi, Gwaggo, a naɗe ake kawo ta kamar darduma. Akwai bututu a ƙarƙashin ƙasa da ke leƙowa da kansa ya yi mata feshin ruwa, akwai ma'aikata da ke zuwa duk mako su yi mata aski. Ranar da na fara ganinta na durƙusa na tsinko reshe ɗaya, na yi ta dariya ni kaɗai. Ƙiri-ƙiri ce. Ita dai ƙiri-ƙirin da manoma ke tsine wa a gida, ita ce nan ake shayarwa da ruwan da aka tace daga teku. Ke da kike tsokanata cewa na tafi jami'a na ƙare shekaru ina karatun ciyawa, to ga ranar karatuna ta zo. A cikin ƙiri-ƙirin kuma baƙi sun samu wuri: jiji ya tsiro nan da can, harshen saniya ya yaɗu a ƙasa yana rarrafe, rukuɓu ya ɗaga kai a jikin katanga. A lungun da rana ba ta kaiwa, inda na'urar sanyaya ɗaki ke ɗigar da ruwa, gansakuka ta yi kore shar, mai santsi kamar kuɓewa.

Da zafi ya sauka na fara buɗe ƙofar baya da safe. Wata safiya ina kicin na ji Hajiya ta kira sunana da wata murya da na manta tana da ita. Na tarar da ita tsaye, riƙe da ƙofa. Ta tambaye ni ko gidan nan ba shi da mace ne, da aka bar tsakar gida ta zama kufai. Ta tambaye ni ko tsintsiya ma sai an yi mata biza. Ta ce wannan ƙiri-ƙirin ce ta cinye wa Malam rabin fadamarsa, ta karya masa baya, sai ga shi ta tarar da ita a gidan ɗansa tana shan ruwan famfo. Na yi mata bayani a hankali cewa da gangan aka dasa ta, ado ne. Ta dube ni da tausayi sosai, ta ce boko dai bai yi wa kowa adalci ba. Ban ji haushi ba, don ita ce magana mafi tsawo da ta yi tun zuwanta. Washegari na nemi wuƙar yankan albasa na rasa. Na leƙa baya, sai ga Hajiya a durƙushe, ta ɗaure zani tamau, tana bin jijiyar ƙiri-ƙiri tana zaro ta kamar zare. Rukuɓu da harshen saniya kuwa ta bar su, har tana tara musu ƙasa a gindi, tana ce musu bayin Allah. Ranar ta cinye tuwonta ta nemi ƙari, ta kuma ce miyata ba daddawa. Na shiga ɗaki na yi kuka, na fito na tafi kasuwar shuke-shuke na sayo mata 'yar fartanya. Ta juya ta ta ce ƙotar ta 'yan tsana ce, amma ba ta sake ajiye ta ba.

Hoton da Yaya Dikko ya nuna miki, ni na ɗauke shi, ni na tura a zauren dangi na waya. Na rubuta a ƙasansa cewa alhamdulillahi Hajiya ta miƙe. Na zaci albishir na yi. Ashe wasu ba su ga tsohuwar da ta tashi daga gado ba, sun ga uwar injiniya da ƙasa a gwiwa. A makon da na tura hoton kuma manajan rukunin ya zo zagaye, wani mutum mai tsabta da turarensa ke riga shi shiga gida. Ya tsaya a bakin filin kamar wanda ya zo ta'aziyya. Rabin ciyawarsu ta tafi, ƙasa ta fito a share tas, har da zanen tsintsiya. Ya ce tsohuwa ta cire ciyawar ta bar haki. Na fassara wa Hajiya. Ta ce na gaya masa shi ne ya juya abin, ita abinci ta bari ta cire annoba, kuma in bai san bambanci ba ya tambayi uwarsa. Wannan ɓangaren na ƙarshe ban fassara ba. Ya ce mamnu', wato haramun ne a dokarsu, zai turo masu feshi su kashe duk abin da ba su dasa ba, a sake shimfiɗa sabuwa. Ya ce in muka hana, zai kai ƙara ofishin gidaje na kamfani.

Baban Ruƙayya ya shiga uku. Ta waya yayansa na ce masa ya bar mace tana wulaƙanta musu uwa, a ofis kuma yana tsoron kada a ce bai iya riƙon gida ba a mayar da mu wani bene a Lusail, inda ƙasar da za mu taka sai ta cikin tukunyar fure. Ya zo mini da shawara mai cike da hikima irin ta injiniyoyi: na ɓoye fartanyar na ce ta ɓace. Na ce masa ni ba na yi wa tsofaffi ƙarya, amma shi ɗanta ne, a takardun ƙasar nan ma shi ne kafil ɗinta, wato mai ɗaukar nauyinta, ya je ya karɓa da hannunsa. Ya gyara tsayuwa ya fita. Ina kallonsa ta taga. Ya yi sallama, ya durƙusa, ya fara magana. Ba a jima ba na gan shi ya nufi wajen shara da kwandon ƙiri-ƙiri a hannu, da farar rigarsa ta ofis. Da ya dawo bai sake tayar da zancen ba, sai dai ya ce mini a hankali, rabon da ta aike shi tun Malam na da rai.

Amma ba na so ki ɗauka taurin kai kawai na yi. Manajan yana da gaskiya a abu ɗaya, gansakukar nan ba ta da uzuri. Na ga ƙafar Hajiya ta zame a kanta sau ɗaya, Allah Ya sa ta dafa bango. Sai dai feshi ba ya maganinta, don ba iri ne ya kawo ta ba, laima ce da inuwa da ƙasar da ta danƙare. Ka ƙone ta yau, ta dawo maka kafin wata. Don haka na ɗaura nawa zanin. Na kankare ta da manjagara har ƙasa ta bayyana, na bi wurin ina soka cokalin lambu don iska ta shiga, na zuba yashi, wanda shi kaɗai ne abin da ba a rasa a ƙasar nan. Bututun da ke ɗigo na karkatar da shi cikin bokiti, ruwan yanzu na rukuɓun Hajiya ne. Na rage lokacin ban ruwa, na sa aka sassare reshen furen da ya toshe rana. Jiji kuwa, ni da Hajiya ra'ayinmu ɗaya a kansa. Ganyen ba komai ba ne, ƙwayar da ke ƙasa ita ce shaiɗan, kuma kowace tana riƙe da 'yar'uwarta da zare. Muka zauna muna tonowa ɗaya bayan ɗaya, tana ba ni labarin Malam, yadda ya zo neman aurenta da aron keke, abin da ko 'ya'yanta ban jin sun sani. Ta yaya zan bari a fesa guba a inda take tsinkar ganyen da za ta kwaɗa, inda Umar Faruq ke rarrafe yana kai komai baki?

Saura dokar manaja. Ni dai aikina kallo, kuma na lura da wani abu a gidan maƙwabciyarmu, wata Balarabiyar Sham. Tana da na'ana'a da wasu ganyaye a jikin katanga, sun fi na Hajiya hargitsewa, amma ba wanda ya taɓa ce mata mamnu'. Bambancin kawai shi ne ta kewaye su da fararen duwatsu. A nan na gane dokar wurin nan: duk abin da ya tsiro da kansa laifi ne, duk abin da aka yi wa iyaka ado ne. Har harshen saniyar ma na gan shi a babban kanti, an ɗaure shi dami-dami an sa a wurin sanyi, suna kiransa barbir suna ci ɗanye. Sai na sayo fararen duwatsu na zagaye gonar Hajiya. Na samo ƙananan alluna na rubuta wa kowane ganye sunansa na kimiyya da manyan baƙaƙe, na kafa a gindinsa. Rukuɓu bai taɓa samun girma irin wannan ba tun da aka halicce shi. Sauran filin kuma, tunda gidan ba namu ba ne, dole na mayar musu da kayansu. Gwaggo, da hannuna na dasa ƙiri-ƙiri. Hajiya ta zauna a kujera tana kallona tana girgiza kai, ta ce ta ga abubuwa da yawa a duniya amma ba ta taɓa zaton za ta ga surukarta na shuka ƙiri-ƙiri tana ba ta ruwa ba. Ta ce kada na bari labarin ya kai ƙauye.

Ranar da masu feshi suka zo, da tankunansu a baya da ƙyalle a hanci, manajan na gaba, na tsaya a ƙofar baya na ce ba mai shiga da tanki. Na ce shi kaɗai ya shigo ya duba, in ya ga haki a cikin ciyawarsa ko gansakuka a lungu, to ya kai ƙarar, zan raka shi. Ya shiga. Ya taka lungun da takalminsa mai sheƙi, ya ji ƙasa a bushe. Ya zo gaban duwatsun, ya sunkuya ya karanta allunan yana motsa baki, ya gyaɗa kai irin na wanda ya san su tun da daɗewa. Ya tambaya ko daga waje aka kawo irin. Na ce masa wasunsu sun yi tafiya mai nisa, wanda ba ƙarya ba ne. Hajiya na zaune da fartanya a cinya, ba ta ko ɗaga ido ba. Ya ce sharaɗinsa ɗaya, kada waɗannan ganyaye su tsallaka duwatsu su shiga ciyawa. Na fassara. Hajiya ta ce nata sharaɗin shi ne kada ciyawarsa ta tsallako mata, in kuwa ta tsallako, ruwanta. Ya ce khalas, wato shi ke nan, ya juya da mutanensa.

Shi bai san halin ƙiri-ƙiri ba, amma ke kin sani. Ba ta san iyaka ba. Duk wayewar gari sai an samu wani reshe ya bi ta ƙarƙashin duwatsu ya leƙo cikin gonar Hajiya, ita kuma tana idar da lazimi take fita sintiri. In ta kama ɗaya sai na ji ta tana yi masa faɗa kamar ɓarawon akuya. Kumatunta sun dawo, tana hawa bene ba ta dafa kowa, ta koya wa Ruƙayya kwaɗon rukuɓu da ƙuli, ta kuma fara samun laifi a yadda nake ninke kaya, wanda a wajena shi ne babbar shaidar lafiya. An ba ta magunguna iri-iri ba su yi ba, ashe abokin gaba take buƙata, wanda ta sani tun tana amarya.

To ki dubi abin da ake so na yi, Gwaggo. Na karɓe wannan daga hannunta, na mayar da ita ɗakin kafet inda za a girmama ta har ta mutu. Na san Yaya Dikko yana son uwarsa, ba na shakka. Amma kunyar da yake ji tasa ce, ta abokansa da za su ga hoto, ba tata ba. In yana ganin na yi laifi, ga jirgi nan, ya zo ya karɓi fartanyar da kansa. Ƙanensa ya gwada, kwandon shara na nan yana jiran na gaba. Ke ce kika koya mini cewa tsoho ba kaya ba ne da za a ajiye a rufe, ranar da kika kori masu son hana Kaka zuwa kasuwa. Ban manta ba, ko da ke kin manta. Ki yafe mini in harshena ya yi tsini, ke kika wasa shi.

Shekaranjiya Yaya Dikko ya kira ta ta bidiyo, ina kusa. Ya ce mata ya shirya komai, ta faɗi ranar da take son dawowa. Ta ce masa ya kwantar da hankalinsa, tana nan tafe, tana gamawa da ƙiri-ƙirin nan za ta taho. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce to madalla, Allah Ya sa a gama lafiya. Shi ya bar ƙauye tun yana ƙarami, bai taɓa riƙe fartanya ba. Ina roƙonki kada ki yi masa bayani.

Ki gaishe mini da Baba Nasidi da iyalinsa, da Yaya Haulat da yaranta, ki ce mata turaren da ta ce na saya yana cikin jakar Mudasiru. Ki gai da Inna Ladi ta maƙwabta, da Auta in ya leƙo daga makaranta. Baban Ruƙayya na gaishe ki da girmamawa, yara na yi miki sannu. Hajiya ta ce a gaishe ki da kyau. Ƙullin da ke tare da takardar nan busasshen rukuɓu ne daga gonarta, ta ce a raba biyu, rabi naki, rabi a kai gidan Yaya Dikko. Ta ce a gaya masa noman uwarsa ne, kuma kada matarsa ta cika masa gishiri.

Allah Ya bar mana ke. Ki ci gaba da sa mu a addu'a, har da ƙiri-ƙirin, Allah Ya ƙara mata taurin kai.

'Yarki da ba ta jin magana, amma tana ƙaunarki,
Safiyyatu